Hannun Baba a Hoton Mutane

Na san abin da kuka taso kuna ji a Aliero. Wai ubanku ya taɓa rufe wa kakanku ƙofa a gaban jama'a, da marar lafiya a hannunsa, saboda ya yi boko ya raina ɗori. Wasunku a gidan biki suka ji, wasu a bakin 'yan'uwa, kuma har yau babu wanda ya yi ƙarfin halin tambayata ido da ido. To, ni na gaji da ganin tambayar a fuskokinku. Ƙofa kam na rufe ta, ba na musu. Amma in za ku kama ni da laifi, ku kama ni da na gaskiya, domin kafin ranar nan shekara bakwai na yi ina buɗe masa ita.

Kakanku Malam Bawa maɗori ne ɗan maɗori. Kun san shi da yatsa tara, ni na san shi da goma, da zoben azurfa a hannun dama wanda ko wurin alwala sai dai ya juya shi. In aka shigo da mai karaya zaurenmu, yakan rufe ido ya karkata kai gefe kamar mai sauraren kiran salla daga wani gari, yatsunsa na tafiya a kan fata a hankali, sai ka ji ya ce ga ta nan. Ƙa'ida ɗaya ce a gidanmu da ba a taɓa ta: in maɗori ya yi bisimilla ya kama gaɓa, ba ya saki sai an jera kara an ɗaure, ko da wuta ce ta kama zauren. Haka ubansa ya koya masa, kuma akwai hankali a ciki, don ƙashin da aka ja aka zaunar, in aka sake shi kafin ɗauri nama kan janye shi ya goce. Ni kuwa Allah bai ba ni wannan baiwa ba. Ya ɗora hannuna a kan karaya ya fi sau ɗari, ni dai kumburi nake ji da zafin jiki. Wata rana ya ture hannun nawa a hankali, ba da faɗa ba.

"Umaru, hannunka kurma ne. Tahi ka nemi wata sana'a."

Wallahi maganar nan ta zauna mini a ƙirji shekaru. Ita ta kai ni Sakkwato na koyi ɗaukar hoton ƙashi, ita kuma ta dawo da ni Jega, wani ƙaramin asibitin kuɗi na wani likita, inda aka ba ni tsohuwar na'ura da ɗakin wanke hoto da janareto mai tari. Na ce a raina, tunda hannu ya ƙi ji, bari in gani da ido.

Zuwan Baba na farko asibitin ba don ni ya zo ba. Wani manomi ne daga Jiga Birni ƙashin hannunsa ya goce har sau biyu bayan ɗauri, 'yan'uwansa suka matsa a zo a yi hoto. Baba ya shigo yana harare-harare, ya ja hannun mutumin ya zaunar, ya riƙe, na danna. Da zan shiga wanki sai ya biyo ni. Ku ba ku san ɗakin nan ba. Tsakar rana ne a waje, amma a ciki babu rana babu lokaci, sai ɗan jan ƙwan lantarki a kusurwa da warin ruwan magani. Na tsoma fim ɗin hoton a ruwan ina girgiza shi, muna tsaye kafaɗa da kafaɗa, ina jin numfashinsa. Can sai ƙasusuwa suka fara tasowa daga cikin baƙin ruwa, fari-fari, kamar mutum na ɓullowa daga gulbi da asuba. Ga ƙashin manomi ya zauna daram. A gefensa kuma ga wasu siraran ƙasusuwa biyar sun rungume shi, ɗaya da farin zobe.

"Wanga hwa na wa ne?"

"Naka ne, Baba."

Ya ɗaga hannunsa cikin jan hasken nan ya juya shi, ya sake duban fim.

"Ikon Allah. Ashe haka nike daga ciki. Kai kuma kullum kana nan kana kallon wanga abu?"

Ranar ya dube ni da wani irin ido da bai taɓa dubana da shi ba. Ina gaya muku wannan ne don ku gane abin da ya biyo baya. Wannan kallo nake nema tun ina yaro, kuma da na same shi ban yarda in sake shi ba.

Daga nan abin ya zama aikinmu ni da shi. Duk karayar da ta yi masa gardama sai ya hau motar albasa da mai ita su taho Jega, sau biyu, wani lokaci sau uku a mako. Ya ja, ya zaunar, ya riƙe, ya ɗaga murya ya ce, "Umaru, buga!" Ni kuma ina bayan allon dalma mai tare hasken na'ura in danna. In bai zauna yadda yake so ba a sake, in bai gamsu ba a ƙara. Rigar dalma yakan sa yana dariya, wai na mai da shi jakin gishiri. Amma safar hannu ta dalma, sau ɗaya ya gwada ya jefar.

"In sa takalmi ga hannu sannan in ji ƙashi? Haba Umaru."

Na sani fa. Kada wani ya wanke ni. A Sakkwato malaminmu, wani dattijo Malam Lawali, ya sha faɗa mana cewa kada mu bari mutum ɗaya ya zama shi ke riƙe mana marasa lafiya. Amma duk ranar da maganar ta taso mini sai in ce ai ɗan kaɗan ne, ƙiftawar ido ce. Kuma ba ƙarya na yi wa kaina ba, hoto ɗaya ɗan kaɗan ne. Sunan Baba ya kai har Maiyama da gaba, ana cewa maɗorin da ke gani da hannu ya kuma gani da hoto, ni kuma in na shiga Aliero sai a ce ga ɗan Malam Bawa na asibiti. Daɗin abin nake ji.

Kakarku Inna ce ta fara lura. Kullum da safe takan zaunar da shi a bakin ɗaki ta shafa masa man kaɗe a hannu, tana mita. Gashin bayan yatsunsa ya zube, fatar ta yi sulɓi tana ƙyalli, faratan sun yi layi-layi suna karyewa, ga tsaga a gaɓoɓi da ba ta haɗewa da wuri. Shi ya ce ruwan fadama ne, wurin dashen albasa. Wata Juma'a na je gida, ina cin tuwo, ta zo ta tsaya a kaina.

"Kai da kay yi karatun asibiti, gaya min. Wane irin ruwa ne ka cin hannun dama shi bar na hagu?"

Na ce mata tsufa ne. Na sunkuyar da kai cikin kwano.

Sai shekarar da aka yanke mana jiha daga Sakkwato ta zo. Komai sabo, ma'aikata na ta kwasar kaya zuwa Birnin Kebbi, aka kuma turo mutane su zagaya su ga ƙananan asibitoci irin namu. Cikin waɗanda suka zo har da Malam Lawali, ya ƙara furfura. Da la'asar ne. Na shanya fina-finan makon a kan waya a baranda, rana na bayansu, iska na juya su a hankali, ƙasusuwan mutane na lilo a sama. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, hannuwansa a baya. Ya kai ƙarshe, ya dawo farko, ya sake bi.

"Umaru, wannan ƙwaurin namiji ne, wannan hannun mace, wannan na tsoho. Amma zoben nan, mutum nawa ke da irinsa a garin nan?"

"Na babana ne, Malam."

"Tun yaushe?"

"Shekara bakwai."

Ya cire tabarau ya goge da bakin riga. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya zaunar da ni a benci ya yi mini karatun da ya taɓa yi mini, amma wannan karon da hannun ubana a sama da kanmu yana lilo. Ya ce hasken na'urar nan da ba a gani, duk wucewar da ya yi ta cikin nama yakan bar 'yan raunuka ƙanana, waɗanda ido ba ya kai musu, kuma jiki na bin su yana gyarawa kamar yadda ake bin katanga da yaɓe bayan ruwa. Mai karaya ya zo sau ɗaya ya tafi gida, jikinsa ya gyara abinsa, amfanin da ya samu ya fi ɗan abin da ya taɓa shi nesa ba kusa ba. Ya ce ko masana ba su gama daidaitawa a kan inda ɗan kaɗan yake fara zama illa ba, shi ya sa ba a wasa ko da kaɗan ɗin. Amma mai riƙewa, rabon kowa a kansa yake sauka, yau a taɓa shi, jibi a sake, gyaran bai ƙare ba an ƙara wani. Fatar yatsu ce ke fara gajiya. Ba zafi, ba wari, ba hayaƙi, shi ya sa mutum ba ya janye hannu.

"Wanda ya riga ya shiga ba mai fitar da shi," in ji shi. "Na gobe ne a hannunka. In ka bari ya ci gaba, hannun nan za ka raba shi da shi."

Washegari na kama hanyar Aliero. Damina ta yi nisa, gonaki sun yi kore shar, amma ni zoben nan kawai nake gani a gabana. Na tarar da shi a zaure yana fere karan ɗauri. Na durƙusa na gaya masa komai, har na kawo masa misali daga sana'arsa, na ce ƙashin da ya fara haɗewa in aka yi ta motsa shi, ina zai warke? Ya dakata da wuƙar, na ce shi ke nan ya gane. Sai ya yi murmushi.

"Hasken da ba shi da zahi shi ka cin mutum? Kai da kanka ka nuna min ƙashin hannuna ya hi sau ɗari, lahiya lau shike. Ko hoton naka ƙarya shika yi?"

"Ƙashi lafiya yake, Baba. Fatar ce. Ita ba ta fitowa a hoto."

"To abin da bai hito ba, bari shi. Ranar kasuwa ina tahe da mutum."

Ya zo kuwa. Wani makiyayi ne mai suna Buba daga wajen Karaye, saniya ta make shi da garu, ƙasusuwan hannunsa biyu suka karye. Mutumin na ta kuka tun a mota, don haka Baba bai jira shiga ɗaki ba, a bakin asibiti ya yi bisimilla ya kama. Haka suka taho yana riƙe da hannun, ɗan'uwan Buba na biye da damin kara, barandar cike da mutanen kasuwa masu jiran likita. Suka tarar da ni tsaye, kwaɗo a ƙofar ɗakin hoto, makulli a aljihuna.

"Umaru, buɗe."

"Baba, ka ɗaure tukuna sai in ɗauka. Ko ɗan'uwansa ya riƙe."

"Na yi bisimilla. Ka san ba ni saki."

"To ba zan buɗe ba."

"Ni kaka gaya ma haka?"

Kun san ni da zuciya, ba yau na fara ba. Da na yi shiru a nan, da abin ya tsaya tsakanina da shi. Amma tsoro ya haɗu da fushi, na ji muryata ta tashi har tsakar gidan asibiti.

"Dubi hannunka, Baba! Hannun nan mutuwa yake yi! So kake in ƙarasa shi da kaina?"

Innalillahi. Kowa a barandar ya zuba wa hannun ido. Maɗori ne fa, hannun nan shi ne gonarsa, shi ne sunansa, ni kuma na tsaya ranar kasuwa na shelanta cewa ya lalace. Ya zauna a ƙasa a wurin, ya zaunar da Buba, ya rufe ido ya karkata kai. Na daɗe ban ga ya yi ɗori ido rufe ba. Zufa na ɗiga daga gemunsa, yatsun nan masu tsaga na tafiya a hankali, suna komawa, suna sake tafiya. Sai da ya ɗauki lokaci fiye da yadda ya saba, sannan ya ce a miƙo kara. Ya jera, ya ɗaure, ya saki. Ya tashi ya kakkaɓe riga ya wuce ta gabana kamar ginshiƙi ya wuce. Hannun Buba ya warke sambal, na gan shi daga baya yana kora shanu da shi.

Abin da ya biyo baya shi ne abin da kuka ji gutsurensa. Magana ta riga shi isa Aliero. Masu karaya suka fara wuce zaurenmu zuwa na wasu, mutumin da ba ya samun sararin cin abinci ya koma zama yana kallon hanya. In na je gaishe shi ya amsa kamar yadda ake amsa wa baƙo, lahiya lau, madalla, ya kau da kai. 'Yan'uwa suka ce boko ya haukata ni. Inna kaɗai ke kirana ɗaki, ita ma ba ta raga mini ba.

"Gaskiya kac ce, ɗan nan. Amma sai cikin kasuwa? Ba ka da baki sai can?"

Ban taɓa kaɗaici irin na watannin nan ba. In na shiga ɗakin wanki na tsoma fim, sai in kama kaina ina jiran zoben ya taso. Ƙashin mutum ya fito shi kaɗai, ba mai rungume da shi, in tsaya cikin jan haske ina kallonsa har ruwan ya kusa ɓata shi. Wani lokaci nakan ji kamar numfashi a kafaɗata, in waiga, ba kowa sai ƙarar janareto. Kullum da safe ina cewa yau zan je in ce masa ya dawo, kullum ina tuna benci da Malam Lawali in fasa. Inna ce ke aiko mini da labari. Ta ce bayan damina fatar ta fara laushi, tsagar ta haɗe, faratai na fitowa da ɗan kyau, masu karaya ma sun fara dawowa ɗaya-ɗaya. Sai dai wani miki a yatsan tsakiya da ya ƙi rufewa, ya sha man kaɗe, ya sha tofi, yana nan.

Yadda yatsan ya ƙare kun sani. An cire shi a Sakkwato, tara suka rage, kuma da taran nan ya ci gaba da ɗori har ƙarfinsa ya ƙare, wasunku ma sun ɗanɗana ɗorinsa. Abin da ba ku sani ba shi ne ranar da aka yanke shawarar, don mu biyu ne a ɗakin, shi kuma ba mai ba da labari ba ne.

Lokacin cirar albasa ne, garin duk warinta. Da hantsi ina goge na'ura sai inuwa ta rufe ƙofa. Baba ne, shi kaɗai, ba mai karaya, da 'yar takarda a hannun hagu. Ashe ya shiga wurin likita ba tare da na sani ba, likita ya ce a ɗauki yatsan a ga ko mikin ya kai ƙashi. Ya miƙo mini takardar bai dube ni ba. Na ce sai an cire zobe. Ya ƙi fita, sai da na kawo sabulu, na murza a hankali, ya zame ya faɗo tafina. Na miƙa masa, ya ce in riƙe, kuma bai sake tambayarsa ba, shi ne wannan da kuke gani a hannuna. Ya ɗora hannun a kan farantin na'ura. Sai na ga yana rawa. Hannun da ke riƙe ƙwaurin ƙato ko gezau, ga shi yana karkarwa a kan farantina. Ban san lokacin da na yi bisimilla na kama wuyan hannun na danne ba, na jawo igiyar madanni da hagu, don tana da tsawo.

"Saki," in ji shi.

"Motsi yake, Baba. Hoton zai ɓaci."

"Na ce saki."

"Ai na riga na yi bisimilla."

A nan ya ɗago ya dube ni, karo na farko tun ranar kasuwa. Idonsa ya kawo ruwa, amma bakinsa na son yin dariya.

"Waccan ƙa'idar zaurena ta. Nan ɗakinka ne, kuma kai ka rufe min ƙofa a kan wanga abu. Hannun gidanmu guda ya isa. Tashi koma bayan allonka."

Na saki. Na koma bayan allon dalma, ina leƙensa ta ɗan gilashin, ban ma gani sosai don hawaye. Ya ja numfashi, ya rufe ido, ya karkata kai gefe yana sauraren hannunsa, har rawar ta lafa.

"Umaru," ya ce, "buga."

Na danna. A ɗakin wanki hannun ya taso a hankali daga cikin baƙin ruwa, yatsu biyar a buɗe, ba zobe, bai riƙe kowa ba. A bayana na ji an turo ƙofa, ya shigo ya tsaya a kafaɗata muna kallo tare.